Ranar da Kumandan Ya Ga Sunansa a Jerin Masu Karɓar Hatsi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe duk sauran abin da ke kaina, da wata safiyar Laraba a Tasawa da na tsaya gaban hafsan soja ina zuba wa wata na'ura kirari, ita kuwa tana shirin tona mini asiri.

A shekarar nan ce ruwa ya ɗauke tun gero bai gama fidda kai ba, sannan sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Yunwa da tsoro suka haɗu wa mutane lokaci guda. Makiyaya na kawo shanu kasuwa ƙashi da fata, mata daga ƙauye na yini a bakin bironmu, wato ofishinmu, da yara a goye, a wajen shan shayi kuwa in hira ta biyo ta kan gwamnati sai kowa ya rage murya ya waiga. Ban san mutum ko ɗaya da aka kama ba, amma kowa yana da labarin wani da wani ya ce an ɗauke shi.

Ni a lokacin ina aiki a wani proje na rabon abinci da ya shafi Tasawa da Mayahi. Injiniya ake kirana. (Gaskiyar magana, wata tara kacal na yi a wata makarantar kwamfuta a Yamai, amma da yake ni kaɗai nake iya zaro takarda in ta maƙale a na'urar bugawa, sunan ya bi ni, ni ma ban kore shi ba.)

Wata rana direktanmu, Malam Lawali, ya kira ni. Dattijo ne mai sanyin hali, saura kaɗan ya yi ritaya, abu biyu yake tsoro a duniya: duk abin da ke da allo mai haske, da duk wanda ke sanye da kaki. Ya miƙo mini wata wasiƙa daga Yamai.

"Injiniya, karanta mini wanga abu. Faransancin na gane shi, amma ban gane mi suke cewa ba."

Abin da suke cewa shi ne, an gaji da rubuta sunayen masu karɓar hatsi a littattafai, inda wani kan karɓa sau biyu wani kuma a manta da shi. Za a koma kwamfuta. An riga an rubuta manhajar shigar da sunaye, saura a zaɓi abin da za ta hau kai, wanda suke kira "serveur d'application", mu kuma muke cewa serber, wato bara mai hidima. Sun aiko da iri uku na gwaji, suna so mu kwatanta su ta fuska uku: abin da kowanne ya iya, tsadarsa, da saurinsa.

Na yi wa Malam Lawali bayani yadda ni ma na fahimta. Na ce ya ɗauka sunayen mutane hatsi ne a mangaza, wato ɗakin ajiya, serber kuwa shi ne mai tsaron mangazar. Duk ma'aikacin da ke neman wani suna daga kwamfutarsa, wajensa zai aika, shi zai shiga ya ɗauko. In mai tsaron rago ne, layi ya taru. In ba shi da amana, kowa ya shiga ya ɗiba.

"To zaɓo muna mai amana," in ji shi. "Kumandan zai zo ya gani da idonsa ranar Laraba ta sama."

Kumandan ɗin nan shi ne hafsan da aka turo ya sa ido kan rabon abinci a yankinmu. Sau ɗaya ya taɓa zuwa biron. Dogo ne, da gashin baki mai kauri, ba ya zama in an ba shi kujera, kuma a hankali yake magana, irin wadda sai ka matso ka ji alhali ba ka son matsowar. Da Faransanci kawai ya yi mana magana ranar, sai na yanke wa kaina hukuncin cewa ba ya jin Hausa.

Na ɗora serber ukun nan a kan kwamfuta uku, na raɗa musu suna don kada su rikita ni. Na farko na kira shi Alhaji. Babu abin da bai iya ba: yana raba aiki tsakanin na'urori, in ɗaya ta mutu wata ta ɗauka, yana hana wanda ba a yarda ba shiga, kuma in ya lalace akwai masu shi da za a kira a waya. Amma kuɗin lasisinsa na shekara zai cika mota da gero, kuma in ka kunna shi sai ka dafa shayin farko ka sha kafin ya farka. Na biyu Ɗan Tsakiya, komai nasa rabi-rabi ne, iyawa da tsada da sauri. Na uku kyauta ake ba da shi, na sa masa Sadaka. Ba shi da nauyi, ba shi da wanda za a kira in ya ƙi, littafinsa kuma da Ingilishi aka rubuta, ni kuwa Ingilishina na cinikin kasuwar Jibiya ne.

To, gwaji sai da sunaye, sunayen gaskiya kuwa suna can cikin littattafai a ƙauyuka. Sai na ce bari in ƙirƙiro guda ashirin. A nan shaiɗan ya shigo, ko in ce ya tarar da ƙofa a buɗe. Sakatariyarmu Hadiza tana zaune kusa da ni tana kallo, ni kuwa na daɗe ina neman abin da zan burge ta da shi. Na fara da direkta, ta yi murmushi. Na sa ita kanta a layi na biyu, na karkatar da allon don kada ta gani. A layi na uku na sa Kumandan, na nuna mata shi kaɗai. Da ta karanta sai ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Ka goge wannan, Injiniya. Ba lokacin wasa ba ne."

"Wa zai gani? Ni da na'urata ne."

Ya kamata in faɗi wani abu a nan. Ban taɓa ganin mutumin nan ya ɗauki ko ƙwayar gero ba, ban kuma ji wani ya ce ya gani ba. Dariyar mace kawai nake nema.

Kwana huɗu ina gwaji da sunayen nan ashirin, ina duba agogo, ina cika tebur na kwatanci a takarda. Sadaka ya fi su sauri nesa ba kusa ba. Da na daddafa na karanta littafinsa, sai na gano dalili: duk abin da aka taɓa tambayarsa, yana riƙe amsar a kansa, in an sake tambaya ba ya komawa mangaza. Abin ya burge ni har na ja masa layi da jan biro.

Ranar Laraba da sassafe na goge sunayen wasa daga ma'ajiya, na zuba wasu ashirin masu mutunci, su Abdu da Mariama. Na duba Alhaji, tsaf. Na duba Ɗan Tsakiya, tsaf. Sadaka kuwa kwana biyu yana kunne yana aiki lafiya, na ce wanda ke tafiya daidai ba a taɓa shi. Ina cikin haka na ji tsayawar mota, sai na bar shi.

Mun rataya farin zanen gado a bango don na'urar haska hoto. Ɗakin ya cika: Malam Lawali cikin babbar rigarsa ta Juma'a, Hadiza da littafin rubutu, wakilin maigarin Bawdeta, da wani dattijo Arɗo da ya zo a madadin makiyaya. Sojoji biyu suka tsaya a ƙofa da bindigogi. Kumandan ya ƙi kujera kamar wancan zuwan, ya tsaya a bayana, ina jin numfashinsa.

Na fara bayani da Faransanci, da na ga ba wanda ya katse ni sai na samu ƙarfi. Na jera iyawar Alhaji da tsadarsa. Na wuce Ɗan Tsakiya a gurguje. Da na iso kan Sadaka sai na saki jiki, har ina ɗaga yatsa.

"Wannan, mon kumandan, ba ya cin ko dala, kuma babban abin da ya fi sauran da shi, ba ya mantuwa. Abin da aka gaya masa sau ɗaya, ya riƙe."

"Nuna mini," in ji shi.

Na nemi jerin sunaye daga Alhaji. Ya yi ta nazari, sannan ya kawo su Abdu da Mariama. Ɗan Tsakiya ya kawo su da ɗan dama. Na juya ga Sadaka ina murmushi, na danna. Kafin in ɗage yatsa jerin ya cika zanen gadon, da manyan baƙaƙe, kowane harafi kamar tafin hannu.

Layi na farko: Direkta Lawali. Sana'a, gyangyaɗi bayan azahar.

Layi na biyu: Hadiza Sarauniyar Biro. Abin da ta karɓa, zuciyar Injiniya.

Layi na uku: Kumandan Gashin-Baki. Gari, bariki. Yawan iyali, bataliya guda. Buhun da ya karɓa, duka.

Ban san ko ka taɓa jin jinin jikinka ya sauka zuwa tafin ƙafa gaba ɗaya ba. Hannuna yana kan na'urar amma ya ƙi motsi. Na fara roƙon Allah a zuci Ya kashe injin wutar da ke ruri a waje. Injin nan sau uku yake mutuwa a yini, ko da rantsuwa. Ranar nan kuwa ya yi ta aiki kamar jiya aka kwance shi daga kwali.

Fata ɗaya ya rage mini: da Hausa na rubuta, shi kuwa ba ya ji. Na buɗe baki zan ce sunayen wasu ƙauyawa ne, sai Arɗo, wanda bai yi boko ba, ya ga kowa ya sandare, ya tambaya a hankali.

"Lafiya? Mi aka rubuta?"

Sai na ji murya daga bayana, da Hausar Maraɗi tsantsa, wadda ta fi tawa daɗi.

"Injiniya, karanta ma Baba Arɗo. Shi ma ya zo ne ya san abin da ake ciki. Fara daga sama."

Na karanta. Wallahi na karanta. Na karanta gyangyaɗin direkta, Malam Lawali ya sunkuyar da kai yana kallon tasbihinsa. Na karanta zuciyar Injiniya, Hadiza ta ja mayafi ta rufe fuska (wannan shi ne karo na farko da na furta mata abin da ke raina, gaban sojoji biyu da Arɗo). Da na iso layi na uku muryata ta shige, sai da ya ce in maimaita. Da na ce "duka", ɗaya daga sojojin ƙofa ya gyara riƙon bindigarsa. Wataƙila kafaɗarsa ce ta gaji. Ni dai na yi kalmar shahada.

Babu wanda ya yi dariya. Kumandan ya zagayo ya tsaya a gabana.

"Wa ya gaya maka na karɓi buhu?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"Ka gani da idonka?"

"Ban gani ba."

Sannan ya juya ya dubi teburin kwatancin da na manna a bango, da layukansa masu kyau.

"Saurin nan da ka rubuta, da suna nawa ka gwada?"

"Ashirin."

"Gida ashirin ne ke jin yunwa a Tasawa da Mayahi?"

Ya dubi Malam Lawali ya ce, "Gobe da safe zan aiko a ɗauke shi." Ya sa hularsa ya fita.

Bayan tafiyarsu ɗakin ya watse ba sallama. Hadiza ta kwashi jakarta ta wuce ba ta kalle ni ba. Malam Lawali ya tsaya a ƙofa, na zaci zai yi faɗa, amma abin da ya ce kawai shi ne, "Ashe ana lura da ni." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Lokacin ban yi aure ba, ina zaune da mahaifiyata. Bayan la'asar na zauna kusa da ita tana tankaɗe, na gaya mata komai, sai layi na biyu da na tsallake. Ta ajiye rariya.

"Tun kana yaro nake tsoron bakinka zai ja maka. Ashe yatsu ne."

Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi tsorata ni. Ta tashi ta ƙulla mini ƙuliƙuli da dabino a leda, ta ɗauko tsohon bargon mahaifina, ta ce in saka wando biyu don an ce ƙasan can da sanyi. Ba ta faɗi ko ina ne can ɗin ba, ni ma ban tambaya ba.

Da hantsi motar soja ta tsaya a ƙofar gidanmu. Maƙwabta suka leƙo ta zaure suka koma. Aka ce in hau baya. Na zauna tsakanin sojoji biyu, kusa da wasu akwatuna da aka lulluɓe da tampol, waɗanda na tabbata harsasai ne. Muka doshi wajen jandarmomi, na ce to ga shi nan. Sai muka wuce. Muka bar kwalta, muka faɗa hanyar rairayi, gari ya ɓace a bayanmu. Babu abin da ake gani sai gonaki fayau da karan da bai kai gwiwa ba, da gawar saniya can da can. A nan tsoron gaske ya kama ni, domin wanda aka kai kurkuku aƙalla an san inda yake. Na tuna duk labaran da ake raɗawa a wajen shayi. Na so in tambayi sojan da ke gefena ina za mu. Shi kuwa ya ga ledar da ke hannuna, ya ce, "Ƙuliƙuli ne?" Na miƙa masa duka, har da dabinon.

Mota ta tsaya a gaban wata makaranta a Bawdeta. Mutane sun cika filin, maza gefe, mata gefe, sun yi layi tun daga bakin aji har gindin gawo. Sojojin suka yaye tampol. Kwamfutocina uku ne, da ƙaramin injin wuta. Kumandan yana tsaye a inuwar ajin, ya riga mu isowa.

"Ga sunayen gaskiya nan," in ji shi. "Shigar da su. In ka gama ka sake gwada mini barorin naka uku."

Na sauke kwamfutocin, na shiga ajin da su.

Mako biyu muka yi, daga Bawdeta zuwa Hawandawaki, sannan muka ratsa ƙauyukan Mayahi. Ina shigar da suna, malaman makaranta biyu suna taya ni. Wata tsohuwa ta zauna a gabana ta lissafa mini jikoki tara da iyayensu suka tafi ci-rani suka bar mata. Da ta gama ta leƙa allon, ta ce, "Ɗana, ka sa ni inda ba za a tsallake ni ba." Na tuna a irin wannan gurbin na rubuta gyangyaɗi da gashin baki. Kunyar da na ji a nan ta fi ta ranar Laraba, ko da yake ba wanda ya gani.

Da sunaye suka yi yawa, kowane serber ya nuna halinsa. Alhaji ya fi ƙarfin ƙaramar kwamfutarmu, ta yi ta zafi tana huci, kuma duk sanda injin ya mutu sai layi ya jira shi ya farka. Ɗan Tsakiya yana tafiya lafiya in mutum ɗaya ke tambayarsa, amma in mu uku muka tambaya tare sai ya daskare. Sadaka ya jure, sai dai halin nan nasa ya kusa jawo ɓarna: a gwaji aka rubuta wani magidanci ya karɓi buhunsa, aka sake tambaya, ya ce bai karɓa ba, don tsohuwar amsa yake riƙe da ita. Da an fara rabo a haka, da wasu sun karɓa sau biyu, wasu sun koma hannu wofi. Na yini biyu da littafinsa da ƙamus, har na gano inda ake umartarsa ya riƙa komawa ma'ajiya ya duba duk sanda aka canja wani abu. Saurinsa ya ragu kaɗan, amma ya daina ƙarya.

Na sake rubuta rahoto, wannan karon da abin da na gani. Na ce a ɗauki Sadaka, da sharaɗin a gyara masa wannan wuri, a kuma koya wa wani mutum na biyu sarrafa shi, tunda ba shi da masu shi da za a kira. Kumandan ya karanta a tsaye, har ƙarshe, ya ninke ya sa a aljihu. Ya juya zai tafi, sai ya tsaya.

"Gashin bakin gaskiya ne. Bataliyar ma ba ka yi nisa ba, gidanmu da yawa. Na ƙarshen ne ka yi mini ƙage."

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe."

"Na yi. Amma da wani ka samu ba ni ba, da tsohuwarka ba ta sake ganin bargon nan ba."

Bai yi murmushi ba, ko kaɗan. Har yau ban sani ba ko wasa yake.

An yi rabon da Sadaka. Malam Lawali bai sake gyangyaɗi a biro ba har ya yi ritaya, abin da nake ganin zalunci ne na yi wa dattijo. Hadiza kuwa ta yi wata guda ba ta ce mini komai ba sai "ina kwana", daga baya ta auri wani malamin asibiti da ba ya taɓa kwamfuta.

Yanzu in zan gwada kowace na'ura, sunana nake sakawa, in rubuta abin da zan iya karantawa da ƙarfi a gaban kowa. Kuma in ka ji ni ina ba matasan ma'aikata shawara, guda ɗaya ce: kafin ka yabi bara a gaban baƙi cewa ba ya mantuwa, fara zama ka tuna abin da ka faɗa a gabansa.